Yadda Ake Samun Lasin Babur a Birtaniya Idan da Lasin Najeriya ko Nijar Ka Zo

Abu na farko, ka cire maganar musanya daga ranka. Hukumar lasin tuƙi ta DVLA da ke Swansea tana karɓar lasin wasu ƙasashe ta ba da na Birtaniya a madadinsa, a kan fam 43 da fom ɗin D1, cikin shekara 5 da zuwan mutum. Ostareliya, Kanada, Japan da Singafo suna cikin jerin. Daga Afirka, Afirka ta Kudu da Zimbabwe ne kawai. Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi da Sudan duk ba sa ciki. Ko da ka bi ta wata ƙasar Tarayyar Turai ka musanya lasinka na gida da nasu, wannan ma wata 12 kaɗai zai yi maka aiki. Hanyarka ɗaya ce, jarrabawa daga tushe.

Lasinka na gida yana aiki wata 12 daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, muddin bai ƙare ba kuma akwai ajin babur a jikinsa. A lasin Najeriya, aji A ne na babur. Mutane da yawa sun shekara goma a kan mashin amma aji B na mota ne a katinsu, kuma wannan ba ya halatta musu hawa babur ko na yini ɗaya. Tafiya gida hutu ka dawo ba ta sabunta lissafin.

A nan ne lokaci yake ƙwace wa mutane. Ba za a bari ka zauna jarrabawa ba sai ka cika kwana 185 a ƙasar cikin wata 12 da suka wuce. Ke nan rabin shekarar ya tafi kafin a buɗe maka ƙofa, saura wata shida na jarrabawa uku (ta kwamfuta, gwajin fili da gwajin titi) da jiran gurbi. Don haka ka nemi lasin koyo tun watan farko, tunda shi izinin zama na aƙalla kwana 185 yake buƙata. Fam 34 ne a shafin gov.uk, fam 43 ta gidan waya. Kada ka bi ta wasu shafuka masu kama da na gwamnati, kuɗi kawai suke ɗorawa. Sunan da ka rubuta ya dace harafi da harafi da na fasfonka. Idan fasfo ya ce Muhammad kai ka rubuta Mohammed, takarda za ta dawo. Arewacin Ayalan nata tsarin daban ne, a ƙarƙashin hukumar DVA.

Da lasin koyo ya iso, ka yi horon yini ɗaya da ake kira CBT a makarantar da aka amince da ita. Za su fara da gwajin ido, ka karanta lambar mota daga mita 20, sai atisaye a fili, sai aƙalla awa 2 a kan titi malami yana maka magana ta rediyo a kunne. Takardar da za a ba ka, DL196, shekara 2 take yi. Da ita za ka hau babur da bai wuce 125cc ba, da alamar L ta mai koyo gaba da baya, babu goyo, babu hawa babbar hanyar motowe. Waɗannan sharuɗɗa suna hawa kanka ne da zarar wata 12 ɗinka sun cika ba ka gama ba. Kuɗin CBT makaranta ce ke yankewa, ka tambayi biyu ko uku, kuma ka tabbatar hayar babur da hular kwano suna ciki.

Jarrabawar kwamfuta fam 23 ce. Tambaya 50 cikin minti 57, ana so ka ci 43. Sai bidiyo 14 na hango haɗari, ka samu maki 44 daga 75. Ta babur daban take da ta mota, ka duba da kyau wajen yin rajista. A sashen bidiyo, danna linzami barkatai yana jawo sifili a wannan bidiyon. Daga ranar da ka ci, kana da shekara 2 ka gama sauran biyun.

Kafin ka biya kuɗin gwajin tuƙi, ka yanke ajin da kake so, domin babur ɗin da ka yi gwaji da shi ne ke yanke lasinka. A1 daga shekara 17, iyakarsa 125cc. A2 daga shekara 19, iyakar ƙarfin injinsa kilowat 35. Cikakken A kai tsaye daga shekara 24, da babur mai aƙalla 595cc. In ka kai 24, ka tafi kai tsaye A, gwajin iri ɗaya ne kuma kuɗin hukuma ɗaya ne, hayar babur da horo ne kawai suka fi tsada. Kuma kada ka yi gwaji da sikuta marar giya, lasin zai ɗaure ka a kan marar giya.

Gwajin fili, Module 1, shi ne ke kayar da gwanaye. Fam 15.50 ne, minti 20 ko kusa da haka, a fili mai shinge. Za ka tura babur da hannu ka sa shi a jak, ka ratsa tsakanin robobi, ka zana 8, ka yi tafiyar hawainiya daidai da takun mutum, ka juya baya ba tare da sauke ƙafa ba, sannan ka yi tsayawar gaggawa da kaucewa. A biyun ƙarshe na'ura tana auna gudunka, dole ya kai kilomita 50 a awa. Wanda ya saba da cunkoson kasuwa ya iya sarrafa mashin, wannan ba a musu. Abin da ke kayar da shi shi ne waiwaye. Mai gwaji yana so ya ga ka juya kai ka dubi bayan kafaɗarka duk lokacin da za ka tashi, da kuma daf da juya baya, ko da babu kowa a filin. Kallon madubi bai isa ba, satar kallo da gefen ido bai isa ba, sai hular ta juya har ya gani. Na biyu, sauke ƙafa. A gida al'ada ce a ja ƙafa a ƙasa wajen kwana a hankali, a nan kuwa yana iya zama babban kuskure, kuma babba ɗaya ya isa faɗuwa. Maganinsa, ka riƙe kuloci a rabi, totur a tsaye, birkin baya a hankali, idonka a inda za ka, hannunka nesa da birkin gaba. A tsayawar gaggawa kuma akasin haka ne: birkin gaba ne ke yawancin aikin, a matsa shi da sannu sannan a ƙara ƙarfi. Masu tsoron birkin gaba suna danne na baya, taya ta ja, babur ya wuce. Ƙananan kurakurai 5 aka yafe. In ka faɗi, sai ka jira kwana 3 na aiki. Kada ka sa gwajin titi kusa da na fili, in na farko ya lalace kuɗin na biyu zai bi shi.

Module 2 a kan titi ne, kusan minti 40, fam 75 a ranakun aiki, da aji ɗaya na babur da ka yi na fili. Hannun hagu ake bi, a shataletale na dama ake ba hanya, alamun gudu da mil suke. Ka kashe tirafiketa bayan kowace kwana. Ƙananan kurakurai 10 ne iyaka, wanda ya faɗi zai jira kwana 10 na aiki. Ka zo da lasi, DL196, shaidar cin jarrabawar kwamfuta da ta Module 1, da takalmi mai rufe idon sawu, safar hannu da wando mai kauri.

In ka ci, miƙa wa mai gwaji lasin koyon, cikakken zai zo ta gidan waya. Inshora dole ce tun ranar farko: rashinta tarar fam 300 ne da maki 6 na hukunci a kan lasinka, kuma 'yan sanda na iya ƙwace babur. Maki 6 cikin shekara 2 da cin gwaji suna soke lasin. Mai niyyar kai abinci gida-gida yana buƙatar inshorar ɗaukar kaya don kuɗi, ta yau da kullum ba ta rufe shi, kuma bizar ɗalibi ba ta yarda da aikin zaman kai irin wannan ba.