Yadda ake rubutu da zane a gidan da ake raino

Yawancin matan da suka ajiye alƙalami bayan haihuwa ba daina son aikin suka yi ba, jira suke yi. Sai an yi arba'in, sai an yaye, sai ya shiga makaranta. Kafin nan wani cikin ya samu, littafin da aka tsaya a babi na uku kuwa yana ƙasan akwati tare da zannuwan fita biki. Ina rubuta gajerun labarai, ina kuma zane, duk a tsakiyar yara nake yi, don haka da ke mai goyo nake magana, ko da yake uba ma zai tsinci nasa a ciki.

Lokaci mai yalwa, wanda za ki rufe ƙofa ki wuni ke kaɗai, ba ya zuwa wa mai raino. Abin yi shi ne a gyara aikin ya shiga guntayen lokacin da ake da su. Nana Asma'u, da aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce kuma uwar 'ya'ya, a gidan da baƙi ba sa yankewa, a zamanin yaƙi da ƙaura. Duk da haka ta bar waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma tsara 'Yan Taru don karantar da matan karkara. Wanda ya ce miki rubutu da raino ba sa zama gida ɗaya, ki tuna masa da ita.

Mataki na farko: nemo lokacin da yake naki

Ki ɗauki mako guda kina lura kawai, kada ki rubuta komai. Yaushe gidan ke lafawa? A gidajenmu lokutan sanannu ne: bayan sallar asuba kafin a fara shirin makaranta, da hantsi bayan manyan sun tafi boko, lokacin barcin rana na ƙaramin, tsakanin la'asar da magariba in sun tafi Islamiyya, sai bayan isha'i. Ki zaɓi guda ɗaya tak, ko na minti 30 ne, ki ce wannan na aikina ne. Kada ki zaɓi uku, domin ba za ki riƙe ko ɗaya ba.

A ganina hantsi ya fi, sannan bayan asuba. Dare yana da ruɗi. Gida ya yi tsit, sai ki ga kamar kin samu, amma jikin da ya wuni yana girki da wanki da rabon faɗa ba ya ba da abin kirki ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Mai shayarwa kuwa, ina roƙonki, kada ki yanki barcinki ki biya rubutu. Bashi ne da yaran za su biya gobe da tsawa da saurin fushi. Ki kuma sa a lissafi cewa makon ba iri ɗaya ba ne: makarantar allo ba ta zama Alhamis da Juma'a, ga hutun zango, ga azumi da ke juya komai. A irin waɗannan ranaku ki rage buri tun kafin su zo.

Mataki na biyu: raba aikin kai da aikin zama

Nan ne dabarar take. Rubutu kashi biyu ne. Akwai tunanin abin da zai faru, wa zai faɗi me, ina labarin ya nufa, akwai kuma zama a zuba shi a takarda. Na farkon ba ya bukatar kujera. Ana yin sa a bakin murhu, a wurin tankaɗe, a kan hanyar kai yaro riga-kafi, ko kina jijjiga goyo a tsakar gida. Idan kika zauna a minti talatin ɗinki sannan kika fara tunanin me za ki rubuta, lokacin ya tafi a banza. Ki zo wurin zaman da abin faɗa a bakinki.

Sai dai tunanin da aka yi a kicin yana da saurin ɓacewa. Ki rataye ɗan littafin 'yan makaranta kusa da inda kike girki, ki ɗaure masa fensir da zare, a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Fensir, ba biro ba, don biro na ƙin rubutu a takardar da ta sha maiƙo. Hannunki na cikin kwaɓi? Ki ɗauki murya a waya: “Babi na huɗu, goggonta ce za ta fara gane zancen, ba uwar ba.” Ya isa. Jimla ɗaya irin wannan kan buɗe shafi biyu gobe.

Idan lokaci ya ƙare, kada ki tsaya a ƙarshen babi. Ki tsaya a tsakiyar zance inda kika san abin da ke biye, ki rubuta a ƙasa: gobe, shigowar direba da wasiƙa. Komawa ya fi sauƙi haka.

Zane ma yana rabuwa. Zayyana siffa da fensir, gwada tsarin fure ko na dagi, duba launukan da za su dace, duk ana iya yi yara na kewaye. Bi da tawada da shafa launi su ne ke son hannu ya natsu, su za ki ajiye wa lokacinki. In kina da zaɓi, launin ruwa ya fi dacewa da shekarun raino, domin yana bushewa nan take kuma da ruwa ake wanke burushi. Fentin mai yana kwanaki bai bushe ba, ga wari, ga shi sai da sinadari ake wanke shi.

Mataki na uku: tire ɗaya

Kaɗan ne daga cikinmu ke da ɗakin aiki. Ki samu babban tire ko murfin kwalla, ki jera komai a kai: takarda, fensir, abin gogewa, kwalbar tawada, tsumma. In za ki fara, ki sauke shi. In ƙaramin ya farka, ki ɗaga shi ɗungurungum ki ɗora kan wadirob. Rabin lokacin mai zane a neman kaya da kwashe kaya yake ƙarewa, tire yana kashe wannan.

Akwai abin da ba na sassautawa a kansa. Kada ki taɓa zuba kananzir ko ruwan wanke fenti a gorar lemo ko ta ruwan sha. Yaro mai rarrafe bai san bambanci ba, kuma kananzir in ya shiga huhu haɗari ne babba. In har ya sha, ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja, asibiti ake nufa. Reza da almakashi su koma gwangwani mai murfi. Masu zanen lalle kuma, baƙin nan da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar wasu manya ma, balle ta yara. In 'yarki ta matsa sai an yi mata, jan lalle na ganye ya wadatar.

Mataki na huɗu: ba yara nasu aikin

Yaro ba ya ƙin aikinki, rufe shi a waje ne yake ƙi. Ki shimfiɗa musu tabarma kusa da ke, ki ba su bayan tsofaffin takardun jarrabawa, alli, guntun gawayi, ko ɗan yumɓu su gina shanu. Ki ce, “Kowa ya yi nasa, in mun gama mu nuna wa juna.” Kada ki gyara musu. In ya zana akuya mai ƙafa shida, ki tambaye shi ina za ta. Amsar da zai ba ki sau da yawa ta fi abin da ke takardarki armashi. Kuma ba baƙon abu kike koya musu ba. Sun ga allon zayyana na mai sauka, sun ga zanen hula, sun ga adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano in sun taɓa ratsawa.

Wanda ya kai shekara huɗu ko biyar yana fahimtar iyaka in an nuna masa ita da ido. “Ka ga dogon hannun agogon nan? In ya hau kan sha biyu, Umma ta gama, sai mu yi wasa.” Zai dawo sau uku yana leƙe: “Umma, ya kai?” Ki ce saura kaɗan. Amma in ya kai, ki ajiye alƙalami ko kina tsakiyar kalma. Ranar da kika saɓa, gobe ba zai yarda da agogo ba.

Da daddare kuma kina da masu sauraro da babu marubucin da zai samu irinsu. “Ga ta nan, ga ta nanku.” “Ta zo mu ji ta.” Ki ɗauki ƙashin labarin da kike rubutawa, in ya dace da kunnensu, ki mayar da shi na Gizo da Ƙoƙi. Inda suka fara mutsu-mutsu, can labarin ya yi sanyi. Inda suka ce “sai me ya faru?”, can ransa yake. Yara ba sa yabo don kara.

Mataki na biyar: zauna da mutanen gida

Wannan ya fi sauran wuya, kuma shi aka fi gudu. Mai rubutu a waya tana da matsala ta musamman: daga nesa ba a bambanta ta da mai hira a WhatsApp. Uwar miji ta shigo ta gan ki sunkuye, yaro na kuka, sai ta ce, “Wannan latse-latse dai ba ya ƙarewa.” Ba mugunta ba ce, abin da idonta ya gani ta faɗa. Maganinsa a nuna. Ki je shagon kwamfuta a buga miki shafi goma, ki kai mata: “Hajiya, ga abin da nake yi, bari in karanta miki kaɗan.” Abin da aka riƙe a hannu yana da kwarjinin da waya ba ta da shi.

Maigida kuma kada ki ce masa kina son ya riƙa ba ki goyon baya. Zai ce to, shi ke nan. Ki roƙi abu mai suna da lokaci: “Abban yara, ranar Asabar bayan la'asar, ka fita da su gidan Hajiya zuwa magariba, ina da babin da nake so in rufe.” Wannan ana iya cikawa, ana iya tunatarwa. Kai kuma uba, in kai ne marubucin ko mai zanen, ka dubi wanda ke biyan kuɗin shirun da kake aiki a ciki. In kana samun awa uku a ɗaki ba mai taɓa ƙofa, wata ce ke tsare ta. Ita ma tana da abin da take so ta yi.

Karɓa-karɓa da maƙwabciya ko faccala yana aiki sosai: yau yaranki a wurinta awa biyu, jibi nata a wurinki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sauke rainon duka a kan babbar 'ya. Ta taya, ai tarbiyya ce, amma kada littafinki ya cinye karatunta da wasanta.

Mataki na shida: adana

Waya na faɗawa bokiti, yaro na goge abu da yatsa ɗaya. Duk ranar da kika yi rubutu ki tura wa kanki ta imel kafin ki kwanta. Ki sa Hausa a madannin Gboard don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai tun farko. Zane kuma ki ɗauki hotonsa da rana a inuwa, ki ajiye asalin a cikin kwali, nesa da damshin damina da gara.

Mataki na bakwai: fitar da shi, amma da sharaɗinki

Aikin da ba shi da ranar gamawa yana iya shekara goma. Ki nemi wa'adi daga waje. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata marubuta, tana karɓar labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. Kalma 200 a zama ɗaya, zama shida ko bakwai, kin samu daftari. Sauran makonnin na gyara ne, kuma gyara shi ne aikin da ya fi shiga guntun lokaci.

Sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad kuwa, ki yi hattara. Masu karatu na da daɗi, amma ba su san ɗanki ya kwana da zazzaɓi ba, saƙo kawai za ki gani: “Hajiya, shiru, muna jiran ci gaba.” Kada ki fara saki sai kin gama labarin, ko aƙalla kina da babi goma a ajiye. Mai karɓar aikin zane na kuɗi ma ta ƙara mako guda a kan ranar da take ganin za ta gama, ta kuma guji alkawarin da zai faɗo a jajibirin salla.

Yaranki za su shiga aikinki ko kin so ko ba ki so ba, da maganganunsu da rigimarsu. Ki ɗauka, amma ki sauya kama. Fitsarin kwance na ɗanki ko sirrin 'yarki mai tasowa ba kayan labari ba ne da sunansu, kuma hotonsu ba tallar shafinki ba ne. Za su girma su karanta, abokansu ma haka.

In ciwo ya shigo gida, ko haihuwa, ko rasuwa, ki ɗaga tiren ki ɗora a sama ba tare da jin kin yi laifi ba. Ranar komawa kada ki ce sai kin rama abin da ya wuce. Ki karanta shafi biyun ƙarshe da ƙarfi, ki saurari muryoyin da kika ɗauka a waya, ki gyara jimla ɗaya ko biyu. Sabon rubutu sai zama na gaba.