Yadda Za Ka Koyi Turkancin Cin Abinci Kafin Yunwa Ta Koya Maka

Duk shekara sai na ga sababbin zuwa Istanbul, ɗalibai da 'yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya a Laleli da Merter, sun shafe sati biyu ba abin da suke ci sai burodi da kaza. Kuɗi akwai a aljihu. Kalma biyu kawai suka riƙe, ekmek da tavuk, su suke juyawa safe da yamma har kazar ta gundure su. Wasu kuma tun daga gida sun haddace kalma ɗari biyu a waya, amma da mai kawo abinci ya tsaya a kansu ya jefo tambaya ɗaya sai kai ya ɗaure. Ni cikin na biyun nake. Ga hanyar da nake ɗora ƙannenmu a kai yanzu.

Mataki na farko: gyara bakinka kafin ka haddace komai

Turkawa sun koma rubutun boko a 1928, zamanin Mustafa Kemal Atatürk. Haruffansu 29 ne, kuma yadda aka rubuta kalma haka ake karanta ta. Wannan ne ke sa Bahaushe ya saki jiki, a nan kuma tarkon yake. Harafin c ɗinmu na "ci" da "ciki", a wurinsu j ne. Wanda ke ba da sautin c namu shi ne ç mai 'yar wutsiya a ƙasa. Saboda haka çay "cay" ne, çorba "corba" ce, amma lahmacun "lahmajun" ake cewa, sucuk kuma "sujuk".

A kan wannan harafi na sha kunya. Satina na farko, a wani ɗan shagon nama a Aksaray, ina son a zuba mini yaji. Na san kalmar, na gan ta a rubuce: acılı. Sai na faɗe ta da c ɗin Hausa. Mutumin ya zuba mini ido. Na sake faɗa da ƙarfi, kamar kurma nake wa magana. Sau uku ina yi, layi ya taru a bayana, kafin wani dattijo ya ce, "Haa, ajılı!" Tun daga ranar duk kalmar da zan koya sai na rubuta yadda ake faɗinta da Hausa a gefenta. Kai ma ka yi haka, kuma da biro a takarda. Ban yarda da wanda ya ce zai riƙe a kansa ba.

Sauran ba su kai wannan wuya ba. Harafin ş "sh" ne. Harafin ğ ba a furta shi, jan wasalin da ya zo kafinsa kawai yake yi: yoğurt kamar "yo-urt", soğan kamar "so-an". Akwai ı marar ɗigo, wanda za ka yi kamar za ka ce "i" amma ka ja harshe baya, ka bar leɓe a sake. Sai matsalarmu ta gado, p da f. Pilav, pide, peynir, patates, duk da p suka fara, dole leɓɓanka su haɗu su rufe ruf. A yarensu pil batir ne, fil kuma giwa. Minti goma a gaban madubi na kwana uku ya isa.

Mataki na biyu: kwashe na ɓagas

Akwai kalmomin da Larabci da fatauci suka riga suka raba mana da su. Çay shayi ne, şeker sukari, kahve gahawa, zeytin zaitun, helal halal, sahur sahur. Hesap, wato lissafin kuɗin abinci, ɗan'uwan hisabi ne. İkram, abin da aka ba ka kyauta, tushensa ɗaya da karamci. Wadda ta fi burge ni ita ce mısır: sunan ƙasar Masar ne, kuma sunan masara ne, kamar dai yadda muka yi a Hausa. Waɗannan ba sa buƙatar hadda, sau ɗaya ka gan su sun zauna.

Sai dai a kula da masu kama da sani. Pasta a Turkanci kek ne, taliya makarna ake ce mata. Idan kuma ka ga tavuk göğsü a jerin kayan zaƙi, kada ka yi murna an zo gidan kaza. Wani farin abin zaƙi ne na madara da sukari da aka murje ƙirjin kaza a ciki.

Mataki na uku: kalma talatin, iya abin da cikinka ya sani

Kada ka haddace sunan abin da ba za ka ci ba. Ɗauki takarda ka rubuta abin da kake ci a sati, sannan ka nemo na kusa da shi. Ruwa su, gishiri tuz, madara süt, ƙwai yumurta, zuma bal, mai yağ. Nama et, na rago kuzu, na shanu dana, kifi balık, hanta ciğer. Albasa soğan, tumatir domates, barkono biber, kuɓewa bamya, dabino hurma. Shinkafa suna biyu gare ta: ɗanya pirinç, dafaffa pilav. Ka lura, bulgur pilavı ba shinkafa ba ce, ɓarzajjen alkama ne.

Mai kewar shinkafa da wake ya riƙe kuru fasulye da pilav. Farin wake ne a cikin miyar tumatir, ana kawo shi a faranti dabam, kai za ka haɗa da kanka. Mai son farfesu ya riƙe işkembe, romon tumbi, da kelle paça, na kai da ƙafa. Da safe kuwa mercimek çorbası, miyar wani ƙanƙanin wake da ake sha da cokali, ba ta taɓa ba ni kunya ba, kuma tana cikin mafi araha a ko'ina.

Ƙara kalmomin kare kai guda biyar. Domuz alade ne. Ba kasafai za ka gamu da shi a gidan abinci ba, amma ka san shi saboda kayan gwangwani da na leda da ake shigowa da su daga Turai. Sai içki, giya gaba ɗayanta, da 'ya'yanta bira, şarap da rakı. Rakı idan an zuba masa ruwa fari yake zama tas kamar nono, kada ido ya yaudare ka.

Mataki na huɗu: 'yan wutsiyoyi biyu da suka fi kalma ɗari amfani

Da za a ce in zaɓi abu guda in koya wa baƙo a filin jirgi, wannan zan zaɓa. Turkanci yare ne na liƙe-liƙe. Ka ɗauki kalma ka liƙa mata -li a ƙarshe, ta zama "mai kaza". Ka liƙa -siz, ta zama "marar kaza". Şekerli mai sukari, şekersiz marar sukari. Etli mai nama, etsiz marar nama. Kalmominka talatin sun zama casa'in ke nan ba tare da ka ƙara ko ɗaya ba.

Wasalin wutsiyar yana bin wasalin ƙarshe na kalmar. Idan e ne ko i, sai -li da -siz. Idan a ne ko ı, sai -lı da -sız: soğanlı, soğansız, acılı, acısız. Idan o ne ko u, sai -lu da -suz: tuzlu, tuzsuz, buzlu mai ƙanƙara, buzsuz marar ƙanƙara. Idan ö ne ko ü, sai -lü da -süz: sütlü, sütsüz. Akwai 'yan tawaye irin su alkol, da ake cewa alkollü da alkolsüz, waɗannan sai ka haddace su yadda suke. Kada wannan doka ta hana ka buɗe baki. Ko ka kuskure wasalin za a gane ka. Wanda ba za a gane ba shi ne wanda ya yi shiru yana lissafi a zuci.

Yanzu sai ka ƙara olsun, wato "ya kasance": acılı olsun, soğansız olsun. Ka gama, ka iya sarrafa farantinka.

Rashin sanin wannan ne ya sa na kurɓi ayran ina tsammanin nonon gida mai sukari, na ji gishiri ya cika mini baki. Ayran tuzlu ne, haka ake yin sa, kuma kada ka roƙi a zuba masa sukari, dariya za a yi maka. Ka ba shi sati biyu, za ka dawo kana nemansa da kanka. Haka kebab: na Adana acılı ne, na Urfa acısız, kusan bambancinsu ke nan a wurin mai saye. Gaskiya dai, wanda ya tashi da attaruhu ba zai ji yajin Adana a bakin komai ba. Nemi pul biber, dakakken jan barkonon da ke kan tebur, ko ka taho da yajinka daga gida kamar yadda nake yi.

Gahawarsu kuwa tun a wuta ake zuba mata sukari, don haka kafin a dafa za a tambaye ka. Amsa huɗu ce: sade babu sukari, az şekerli kaɗan, orta tsaka-tsaki, şekerli mai yawa. Shayi, wanda yawancinsa daga Rize yake zuwa a gaɓar Baƙin Teku, baƙi ake shan sa a ɗan ƙaramin kofin gilashi, babu madara. Idan ya yi maka ɗaci ka ce açık, za a tsinka shi da ruwan zafi. Mai son mai kauri ya ce demli. Ka manta da shayin mai shayi na bakin tasha da madararsa, ba za ka same shi ba sai ka haɗa a ɗaki.

Mataki na biyar: koyi tambayoyinsu kafin naka

Manhajojin waya suna koya maka abin da za ka faɗa, su manta cewa shi ma garson, mai kawo abincin, yana da baki. Tambayoyinsa ba su da yawa, kullum kuma su ne. Buyurun, wato bismillah, ina jin ka. Kaç kişi, ku nawa ne. Ne alırsınız, me za a kawo. İçecek, abin sha fa. Et mi, tavuk mu, nama ko kaza. Burada mı, paket mi, a nan za ka ci ko a ƙulle maka. Başka bir şey, akwai wani abu kuma. Duk inda ka ji ɗan "mi" ko "mu" a ƙarshe, tambayarka ake yi. Ka samu Baturke ɗaya, ko ɗalibin da ya daɗe, ya faɗa maka su a waya da saurin da ake faɗarsu a shago, ka riƙa saurare kana wanke-wanke.

Naka kuma biyar sun isa: bu ne, mene ne wannan. İçinde ne var, me ke ciki. Ne kadar, nawa ne. Sai var mı, akwai kaza, misali balık var mı. Na biyar shi ne adadi da suna da lütfen, wato don Allah: bir çorba lütfen, iki çay lütfen. Ba a jam'i bayan lamba, wannan sauƙi ne. Dogayen jimlolin ladabi na littafi ka bar su sai ka shiga aji. Amsar da za ka ji var ce, ko yok, ko kalmadı, ya ƙare. Wani lokacin ma ba zai yi magana ba, zai ɗaga gira da haɓa ya yi ɗan "cik" da harshe. Ba tsaki ya yi maka ba, "babu" yake nufi. Na ga wanda ya kusa tayar da faɗa a kan wannan.

Mataki na shida: je inda ido zai taimaki kunne

Fara da esnaf lokantası, gidan abincin 'yan kasuwa da leburori. Abincin yana jere a bayan gilashi, ka nuna ka ce bu ne, a gaya maka suna, ka maimaita, ka ci. Kalmar da ka tauna ba ta ɓacewa. A can za ka koyi az, wato rabin faranti a kan kuɗi kaɗan: az kuru, az pilav. Ɗalibin da ya san wannan kalma kuɗin wata yana kai masa. Mai babban ciki kuma ya riƙe bir buçuk, faranti ɗaya da rabi, musamman in an zo kan İskender, kebab ɗin Bursa. Idan ba ka da ko sisi, shiga BİM ko A101, shagunan kayan masarufi, ka yi ta karanta sunayen kaya, ba mai korar ka. Wanda bai taso daga gida ba tukuna ya buɗe Yemeksepeti, manhajar odar abinci, ya karanta jerin abinci da hotunansu.

A wuraren masu yawon buɗe ido, in aka dire maka abin da ba ka nema ba, tambaya ikram mı kafin ka sa hannu. Ruwan roba ma da kuɗinsa.

Sauran a gurguje. Kiran mai kawo abinci bakar mısınız, ko abi, wato yaya, in saurayi ne, usta ga mai gashi. Biyan kuɗi hesap lütfen. Kart kati, nakit tsabar kuɗi, üstü kalsın riƙe canjin. In ka shiga aka ce hoş geldiniz, sannu da zuwa, amsa hoş bulduk. Kolay gelsin ita ce "sannu da aiki" tamu, ka faɗa wa mai gashi ka ga yadda fuskarsa za ta sake. Za a ce maka afiyet olsun, a ci lafiya, kai kuma ka ce wa wanda ya dafa elinize sağlık, wato Allah ya ba hannunka lafiya. Idan gidan Baturke aka gayyace ka, ka riƙe doydum, na ƙoshi, don sai ka faɗe ta sau uku kafin a yarda. Shayi kuwa ba za a daina cika maka ba sai ka kwantar da ɗan cokalin a kan bakin kofin.