Yadda ake zaɓen tocila mai ƙarko tsakanin ta roba da ta alminiyam

Idan ka shiga shagon kayan wuta ka ce a ba ka tocila mai ƙarko, mai shago zai miƙo maka mai jikin alminiyam, ya ɗan ƙwanƙwasa ta a kan teburi don ka ji ƙarar ƙarfe. Mu ma haka muka taso da shi, cewa ƙarfe ya fi roba. Wannan ra'ayi yana da tushe, domin tun 1979 da Anthony Maglica ya fito da tocilar Maglite a jihar Kalifoniya ta Amurka, tocilar alminiyam ta zama ta 'yan sanda da masu gadi. Amma a Amurkar, 'yan kwana-kwana da ma'aikatan matatun mai da yawa tocilar roba suke riƙewa, irin waɗanda kamfanonin Streamlight da Pelican ke ƙerawa, kuma ba don arha ba. Kowane jiki yana da aikin da ya fi dacewa da shi. Ga yadda za ka gane wanda ya dace da naka.

Mataki na 1: Fara da sanin aikin da za ta yi maka

Kafin ka taɓa tocila, amsa wa kanka tambayoyi biyu. Haske nawa nake buƙata, kuma na tsawon wane lokaci ba tare da kashewa ba? Sannan a ina zan riƙa amfani da ita?

Uwar gida da ke neman abin duba tukunya ko raka yaro banɗaki idan an ɗauke wuta, buƙatarta daban da ta ɗan sintiri mai haska ƙarshen layi har asuba. Makaniken da ke kwance ƙarƙashin mota yana cizon tocila da haƙora don hannayensa biyu su sami aiki, shi ma daban. Haka mai gyaran wuta, da mai sayar da gas na girki, da mai sauke fetur da daddare. Riƙe amsarka, domin duk matakan da ke tafe a kanta za su dogara.

Mataki na 2: Auna maganar zafi, don nan ne babban bambancin yake

Mutane da yawa suna zaton ƙwan LED ba ya zafi, saboda idan ka kara hannu a gaban gilashin ba ka jin ƙuna kamar tsohon ƙwai mai zare. Yana zafi ƙwarai, sai dai ta bayansa zafin ke fita. Ƙwan ɗan mitsitsi ne, faɗinsa milimita kaɗan, kuma mafi yawan wutar da batir ke ba shi zafi take zama. Idan zafin bai sami hanyar fita ba, hasken yana dushewa, launinsa ya canza, kuma ƙwan ya tsufa kafin lokacinsa.

A nan alminiyam ya yi wa roba nisa. Irin wanda aka fi ƙera tocila da shi, mai lamba 6061, yana tafiyar da zafi fiye da robar tocila sau ɗaruruwa. Wanda ya taɓa kama kunnen tukunyar sanholo tana kan wuta ya san wannan, kuma ya san dalilin da ya sa ake lulluɓe mariƙin kasko da roba. A tocilar alminiyam, jikin gaba ɗaya ne ke janye zafin daga ƙwan ya watsa shi cikin iska da cikin tafin hannunka. Saboda haka idan ka ji kan tocilar ya yi ɗumi bayan mintuna kaɗan, ba lalacewa ba ce, aikinta take yi. Wadda ya kamata ka ji tsoro ita ce mai haske mai kashe ido amma jikinta sanyi ƙalau, domin zafin yana nan a tare a ciki, kusa da ƙwan da kuma batir. Batirin lithiyam kuwa ba ya son zafin da ya haura digiri 60.

Shi ya sa kamfanonin kirki ba sa cika wa tocilar roba haske fiye da kima, ko kuma su haɗa biyun. SureFire, alal misali, tana da G2X mai jikin roba amma kanta na alminiyam ne. Idan buƙatarka hasken cikin ɗaki ne ko tsakar gida, lumen (ma'aunin yawan haske) 100 zuwa 300 ya ishe ka, kuma roba za ta ɗauki wannan ba matsala. Idan kuwa kana son lumen 1000 ko fiye, kuma za ka bar ta a kunne, nemi alminiyam, ko aƙalla mai kan alminiyam da tsaga-tsaga a jikinsa.

Gwajin nan ba shi da wahala. Ce wa mai shago, "Alhaji, ɗan ba ni in kunna ta minti biyar." Haska bango, ka lura da ƙarfin hasken a farko, sannan ka sake dubawa bayan mintunan sun cika. Raguwa kaɗan ba laifi ba ne, tociloli masu kyau da gangan suke rage haske don kare kansu. Amma idan ya faɗi warwas, ko ka ji warin roba mai ƙonewa daga kan, ajiye ta.

Mataki na 3: Tabbatar da abin da ke hannunka

Kasuwa cike take da tocilar roba da aka fesa wa fenti mai ƙyalli don ta yi kama da ƙarfe. Maganaɗisu ba zai taimake ka ba, tunda ba ya kama alminiyam kuma ba ya kama roba. Kara ta a kumatunka: alminiyam zai ji sanyi nan take, roba ba za ta ji ba. Sannan kwance murfin baya ka leƙa ciki, domin ba kasafai ake fentin ciki ba.

Idan alminiyam ɗin ne, duba rufin da ke kansa. Baƙin da ke jikin tocila mai kyau ba fenti ba ne, fatar ƙarfen ce aka taurara ta da wutar lantarki a cikin ruwan asid. Akwai mai sirara, wanda yakan yi sheƙi kuma makullai a aljihu su goge shi cikin 'yan watanni. Akwai mai kauri, wanda ake rubuta wa HA III ko Type III a kwali, yawanci ba ya ƙyalli, kuma yana jure gogayya. Matsa jikin da yatsu biyu kusa da baki bayan ka cire murfi. Idan ya nuna alamar lanƙwasa, gwangwani ne, faɗuwa ɗaya zai loɓa ya matse batir a ciki.

Idan roba ce, a nan ake yawan cutar mutane. Robar da ake ƙera tocilar aiki da ita nailan ce, wani lokaci an cakuɗa ta da zaren gilashi, ko kuma polikabonet. Tana da kauri, ba ta cika sheƙi ba, idan ka ƙwanƙwasa ta sai ka ji ƙara a dunƙule, idan ka murɗa ta da hannu biyu ba ta kuka. Wadda ake zubawa a faranti a bakin titi kuwa sirara ce, tana ƙwaram-ƙwaram, kana ganin layin da aka haɗa ɓangarorinta biyu da ƙananan kusoshi. Rana tana cinye irin wannan, ta bushe ta koma kamar ɓawon ƙwai, wata rana ta faɗo daga kan taga ta tarwatse. Yawancin waɗanda suka tsani tocilar roba wannan suka sani, kuma ina ganin ba a yi wa ta ƙwarai adalci ba da ake haɗa su a suna ɗaya.

Mataki na 4: Yi tunanin faɗuwa

Duk tocilar da ake aiki da ita sai ta faɗi. Alminiyam ba ya fashewa, amma yana loɓawa, kuma yana miƙa girgizar kai tsaye zuwa gilashi da allon wutar da ke ciki. Loɓa a bakin murfi ta isa ta hana shi murɗuwa har abada. Roba mai kyau tana ɗan lanƙwasa ta dawo, ta shanye bugun, launinta kuma har ciki ne, don haka ƙarzuwa ba ta nunawa. Inda alminiyam ya fi ta shi ne idan nauyi ya danne tocilar, kamar a taka ta da babur, ko kuma ta kusanci garwashi ko salansar mota.

Tun 2009 akwai ma'aunin da ake kira ANSI FL1, wanda kamfanonin kirki ke bugawa a kwali da ƙananan hotuna. Ɗaya daga ciki yana nuna tsayin da aka sako tocilar a kan siminti ta tsira, mita 1 ko 2 galibi. Wani yana nuna tsawon lokacin aiki, amma ka sani ana ƙirga shi ne har hasken ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa, ba wai zai tsaya da ƙarfinsa duk tsawon awannin ba.

Mataki na 5: Ruwa da ƙura

Wannan bai shafi roba ko alminiyam ba sai kaɗan, ya shafi zoben roba da ke bakin murfi. Kwance ka gani da idonka ko yana nan, kuma ko an shafa masa maiƙo. Idan ka ga an rubuta IPX4 a kwali, yana nufin tana jure yayyafi da fantsamar ruwa. IPX7 na nufin ta yi minti 30 a zurfin mita 1. Inda ka ga IP67 ko IP68, lambar 6 ɗin tana nuna ƙura ba ta shiga, abin da ke da amfani a gare mu lokacin hunturu. A tocila mai caji, ramin caji shi ne ƙofar ruwa da ƙura, duba ko marufinsa yana zama daram.

Mataki na 6: Idan aikinka na wuta ne ko na mai, kada ka yi sassauci

Alminiyam yana ɗaukar wutar lantarki. A tociloli da yawa ma jikin ne ke mayar da wuta daga gindin batir zuwa ƙwan. Rufin baƙin nan yana ɗan karewa, amma da ya goge a gefe shi ke nan. Mai gyaran wuta da ke cusa hannu cikin akwatin mita, ko makaniken da ke aiki kusa da kan batirin mota, roba ta fi masa aminci, duk da cewa ba ta maye gurbin kashe wuta kafin aiki. Ga makanike akwai ƙarin dalili: roba ba ta cin haƙori, kuma ba ta ƙona hannu idan an bar ta a rana a kan bonet.

Maganar gidan mai da shagon gas ta fi wannan nauyi. Ɗan tartsatsin da ke tashi a cikin makunni ya isa ya kama tururin fetur ko gas da ya taru a rufaffen wuri, kuma alminiyam idan ya bugi ƙarfe mai tsatsa yana iya fitar da tartsatsi mai zafi. Shi ya sa tocilolin da aka amince da su a irin waɗannan wurare galibi na roba ne. Amma zama roba kaɗai bai wadatar ba. Nemi alamar Ex a cikin zane mai kusurwa shida, wadda ke nuna ƙa'idar Turai ta ATEX, ko rubutun Class I Division 1 na Amurka, a jikin tocilar kanta ba a kwali kawai ba. Wanda ke leƙa tankin mai da tocilar bakin titi ko hasken waya, da ransa yake wasa, da na mutanen da ke kusa da shi.

Mataki na 7: Batir

Idan tocilar mai batirin saye ce, sani cewa batirin da aka manta a ciki yana zubar da ruwa. Ruwan batirin alkalin yana cin alminiyam, batirin ya kumbura ya manne da bango, har sai an buga shi da sanda kuma ba lallai ya fito ba. A tocilar roba jikin ba ya lalacewa, ƙarafunan da batir ke taɓawa ne kawai za ka kankare. Don haka tocilar da za a jefa a durowa ko a mota ana jiran ranar buƙata, roba ta fi dacewa, kuma ko ita gara a cire batirin a ajiye a gefenta.

Idan mai caji ce mai batirin 18650 (lambar girmansa ke nan), karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Na gaske a wannan girma bai cika wuce 3500mAh ba, wato ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa. Wanda aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce, kuma kamfanin da ya yi ƙarya a batir zai yi ta a lumen ma.

Mataki na 8: Riƙe ta a hannu, sannan ka yanke

Alminiyam ya ninka nailan nauyi fiye da sau biyu idan girmansu ɗaya, amma tunda ana ƙara wa roba kauri, a ƙaramar tocila bambancin ba ya da yawa. A babba ko wadda ake ɗaurawa a goshi ne za ka ji shi bayan awa biyu. Jiƙa hannunka kaɗan ka riƙe ta ka ji ko tana sulɓewa. Danna makunnin sau ashirin, domin shi ne yakan fara mutuwa kafin jiki, kowane iri ne. Murɗa murfin ka ji ko yana tafiya sumul ko yana cijewa. Haƙoran da murfi ke murɗuwa a kansu, na roba sun fi saurin cinyewa idan ana yawan canza batir a gaggauce.

A nawa ganin, ɗan sintiri, maharbi, manomin da ke gadin gona da duk mai son hasken nesa ya ɗauki alminiyam mai kauri. Mai gyaran wuta, makanike, gida mai yara, da tocilar ajiya, roba mai kauri ta sanannen kamfani. Gidan mai da gas, sai mai alamar amincewa, ko da ta ninka sauran kuɗi.

Bayan ka saya, duk wata uku ko huɗu kwance murfin ka goge haƙoran da tsumma, ka shafa wa zoben ɗan maiƙon silikon. Kada ka sa man inji ko basilin, suna iya kumbura wasu zobban su lalata su. A yawancin tocilolin alminiyam masu rufin baƙi har cikin haƙora, sassauta murfin baya da kwata ɗaya yana yanke wutar gaba ɗaya, ta yadda ba za ta kunna kanta a jaka ta cinye batir ba. Ta roba kuwa kada ka goge ta da fetur ko tina, musamman polikabonet, domin suna sa ta tsattsage. Ruwa da sabulu sun isa.