Yadda Ake Jagorantar Nazari a Kan Bangaskiya, Baftisma da Ceto

Duk wanda ke jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki a Damagaram, ko ba daɗe ko ba jima, wani zai tambaye shi ko baftisma ce ke ceton mutum ko kuwa bangaskiya kaɗai. Tambayar tana da nauyi a garin nan, domin Kirista ba su da yawa, kuma 'yan Katolika da 'yan ikilisiyoyin bishara, waɗanda tushensu ke komawa ga aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) da ya soma a Zinder, wato Damagaram, a 1924, maƙwabtan juna ne, suna haɗuwa a wurin aure da jana'iza.

Ka fara da raba ayoyi tun kafin ranar zama, ka kuma tabbata ba na ɓangare ɗaya ka zaɓo ba. Wasu su ɗauki Afisawa 2:8-9, inda Bulus ya ce ceto kyauta ne ta alheri ta hanyar bangaskiya, da Luka 23:43 a kan ɓarawon da Yesu ya yi wa alkawarin Firdausi, da Ayyukan Manzanni sura 10, inda Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa gidan Karniliyus kafin a yi musu baftisma. Wasu kuma su ɗauki Markus 16:16, da Ayyukan Manzanni 2:38, da 1 Bitrus 3:21. A karanta da Hausa da Faransanci idan akwai masu bukata.

Kada ka yarda a yanke aya a tsakiya, domin a nan ne yawancin gardamar ke tashi. Markus 16:16 ta haɗa gaskatawa da baftisma a wajen ceto, amma da ta zo kan hukunci, rashin gaskatawa kaɗai ta ambata. Bitrus kuwa ya ce a fili baftisma tana ceto, sannan nan take ya bayyana cewa ba wankin dattin jiki yake nufi ba, al'amari ne na lamiri mai tsabta a gaban Allah ta wurin tashin Yesu daga matattu. Idan aka karanta su har ƙarshe, kowane ɓangare zai ga abin da ke goyon bayansa da abin da ke ja masa birki.

Bayan haka ka kawo ɗan tarihi, domin mutane da yawa sun ɗauka rigimar tsakanin Katolika ce da sauran ikilisiyoyi kawai. Martin Luther, wanda ya tayar da batun gyaran ikilisiya a 1517, ya tsaya a kan bangaskiya, duk da haka ya riƙe baftismar jarirai, ya kuma koyar cewa Allah yana aiki a cikinta. Waɗanda suka ce sai wanda ya gaskata da bakinsa za a yi wa baftisma sun ɓullo ne a birnin Zurik na ƙasar Switzerland a 1525. Ikilisiyar Katolika tana koyar cewa baftisma wajibi ce, amma ta yarda cewa wanda ya mutu yana marmarinta bai rasa ceto ba. A 1999, a Augsburg ta ƙasar Jamus, Katolika da Lutaran, wato mabiya koyarwar Luther, suka sa hannu a kan sanarwar cewa ta alheri kaɗai Allah ke karɓar mutum.

Kafin kowa ya kare ra'ayinsa, ka sa shi ya faɗi ra'ayin ɗan'uwansa har sai mai ra'ayin ya ce haka ne. A ganina, wannan mataki ya fi sauran amfani.

Ka kuma lura da mai tambayar. Wani ba neman gardama yake ba. Wataƙila ya gaskata amma tsoron dangi ya hana shi fitowa, ko kuwa nasa ya rasu kafin a yi masa baftisma. Irin wannan kada ka amsa masa a bainar jama'a. Bayan an tashi, ka ja shi gefe, ka saurare shi, sannan ka haɗa shi da fasto ko fada (limamin Katolika) na ikilisiyarsa.