Kafin ki jefar da robar bitamin

Ni dai ba na kai robar bitamin bola. Ki juya gindinta, za ki ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. In 1 ce ko 2, ana narkar da irinta a yi sabon kaya, kuma 'yan gwangwan suna saye a kilo.

Ki fara cire ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi, ki ɓoye wa yara shi, don ba na ci ba ne. Sai ki wanke robar, ki ɓare takardar jikinta, ki shanya.

Katin ƙwayoyi kuwa roba ce manne da alminiyam, raba su wuya ne. Shi ya sa tun a kemis nake zaɓen na cikin roba mai murfi.