In tsohuwar kwamfutarka ta koma tafiyar hawainiya

Salam 'yan uwa, kafin ku jefar da tsohuwar kwamfutar gida ku ɗan gwada wannan. Tawa tun 2012 take, wallahi in na kunna ta har shayi nake dafawa kafin ta gama buɗewa. Da na danna Ctrl+Shift+Esc na shiga Task Manager, wurin da ke nuna manhajojin da ke aiki a kwamfuta, sai ga tarkacen manhajoji birjik a sashen Startup duk suna tashi tare da ita, har da antibairos biyu da ƙanena ya saka suna ta kokawa da juna. Na kashe tarkacen, na cire ɗaya.

Sai ƙura. Ƙurar hunturu ta toshe fankar ta dunƙule kamar auduga, kuma in kwamfutar ta ɗau zafi da kanta take rage gudu. Buroshi mai laushi ya isa, amma a cire wuta da batir tukuna.

Abin da ya fi yi min aiki dai canza hard disk, wato ma'ajiyar fayiloli, zuwa SSD wadda ta fi shi sauri, ko mai 240GB ce, da ƙara RAM, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi, daga 2GB zuwa 4GB. Ku kwashe hotunanku a filasha kafin mai gyara ya yi fomat, ni na bikina haka suka tafi.