Darasi na 7: Yadda za ka gina ƙaramar katanga da hannunka

Bazazzage bai kamata ya ji tsoron gini ba. A birnin nan Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a da tubalin ƙasa, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830. Mu namu bai kai nan ba. Abin da za mu koya yau shi ne 'yar katanga da ba ta wuce ƙugu ba, irin ta garken awaki, ko ta kare madafa daga iska, ko ta zagaye 'yar shuka a tsakar gida. Ɗakin kwana da duk ginin da zai ɗauki rufi aikin birkila ne, a bar masa kayansa. Kuma darasin nan har da mata, domin cokalin gini bai fi taɓarya nauyi ba.

Mu fara da lissafi. Bulon siminti da ake bugawa a Sabon Gari ko Tudun Wada yawanci iri biyu ne, mai inci 6 da mai inci 9. Wannan kaurinsa ke nan. Tsawonsa inci 18 ne, wato ƙafa ɗaya da rabi, tsayinsa kuma inci 9. Mai inci 6 ya ishe mu. Idan katangarka ƙafa 9 ce, bulo 6 zai cika sahu ɗaya. Sahu 4 zai ci bulo 24, tsayin ya ɗan haura ƙafa 3. Sayi 27, saboda ba a rasa mai fashewa a baro. Kafin ka biya, murza gefen bulon da yatsa. In yashi na zubowa kamar gari, an yi masa rowar siminti, ka nufi wani wurin.

Kayan aiki ba su da yawa: cokalin gini, shebur, kwanon gini, tef na awo, igiya siririya, turaku, da ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya da ke nuna ko abu ya miƙe. Rabinsu aro za ka yi wurin maƙwabci.

Haƙa ramin tushe har ka wuce ƙasa mai taushi ka tarar da mai tauri, faɗinsa ya kai ninki uku na kaurin bulo. Zuba kankare, wato siminti da yashi da tsakuwa, ka daidaita samansa, ka bar shi ya kwana.

Kwaɓi kuwa, awo ɗaya na siminti, awo 6 na yashi. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon gini biyu, don haka buhu guda na tafiya da kwano 12 na yashi. Kai dai kada ka kwaɓa buhu guda a tashi ɗaya. Siminti na fara kamawa cikin kamar awa ɗaya, wanda ya sandare kuma ƙara masa ruwa ba ya dawo da ƙarfinsa. Juya yashi da siminti a bushe tukuna, sai launinsu ya zama ɗaya, sannan ka sa ruwa kaɗan-kaɗan. Kwaɓi mai kyau yana zama a kan cokali, in ka karkata hannu ya sulale gaba ɗaya. Yashin ya zama mai tsabta. Wanda ya cakuɗe da laka yana sa tsagewa.

Yanzu sahun farko, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Yayyafa wa bulon ruwa, don busasshen bulo yana tsotse ruwan kwaɓi. Aza guda a wannan ƙarshe, guda a wancan, ka auna kowanne ya zauna daram. Ɗaura igiya daga saman wannan zuwa saman wancan, ka ja ta ta miƙe sosai. Duk bulon da zai shiga tsakani, gefensa na sama ya bi igiyar, kada ya ture ta. Shimfiɗa kwaɓi kaurin yatsa, aza bulo, ƙwanƙwasa shi a hankali da ƙotar cokali, cika tsakaninsu, kwashe abin da ya tsattsafo. Idan katangar tana da kusurwa, auna ƙafa 3 a wannan ɓangare, ƙafa 4 a wancan. In tsakanin alamomin biyu ya ba ka ƙafa 5 cif, kusurwar ta yi.

Sahu na biyu da rabin bulo ake fara shi, domin kowane bulo ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙasansa. Ni a nan na sha kashi. Garken farko da na gina a gidanmu, na jera bulo kan bulo, mahaɗa kan mahaɗa, saboda ƙyashin fasa guda ɗaya. Ga shi lokacin hunturu ne, ban ba shi ruwa ba. Kwana biyu kwaɓin ya yi fari fat, da na kankare shi da farce sai ya zube. Wani dattijon magini da ke layinmu ya leƙo, ya sa tafin hannu ya ɗan tura, katangar ta yi rawa. Ya ce, "Ɗana, wannan ko bunsuru ya soshe ƙaho a jikinta ta tafi." Na ce, "Baba, to yaya zan yi?" Ya ce in rushe in sake. Raina ya sosu, amma na rushe, kuma wadda na sake tana nan har yau.

Saboda haka ruwa wajibi ne. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da rana ba. Daga washegari ka riƙa jiƙa katangar safe da yamma har kwana 7. Da hunturu ko bazara ka lulluɓe ta da tsofaffin buhuna jiƙaƙƙu. Da damina kuma, in hadari ya taso kan sabon gini, rufe shi da leda. Siminti na cin fata, sa safar hannu, in ya faɗa ido a wanke nan take da ruwa mai yawa, kuma a hana yara wasa da kwaɓi.

Aikin gida: auna wurin da kake son katanga a gidanku. Rubuta tsawonsa da ƙafa a littafinka, ka lissafa bulo nawa sahu ɗaya zai ci, nawa kuma sahu 4. Ka zo da amsar aji mai zuwa, tare da igiya da turaku biyu, za mu gwada awon kusurwa a filin makaranta.